Fihirisa

Shagonmu na Rijiyar Ɗorowa, ƙarfe biyu na rana,
fanka tana juya zafi kamar mai tuƙa tuwo.
Littafin Malam Ladan ya kai shafi ɗari biyu da sha ɗaya,
tarihin majeman Sakkwato da fatar jar akuya,
saura wutsiya kawai,
kuma wutsiyar ita ce tawa.

Ba na rubuta littafi.
Ni mai kafa alama ne a gonar wani.
Inda na ga bagaruwa sai in ɗaura mata zaren da ido ba ya gani,
haka toka, haka karan dafi, haka kashin tantabara,
in danna, manhaja ta tattaro su,
kowa da lambar gidansa a gaba.

Sai dai manhajar baƙuwa ce a garin nan.
Ta kwashe duk harafi mai lanƙwasa ta zubar bayan z,
ɓawo, ɗanye, ƙaho,
suna tsugune a ƙarshen layi kamar waɗanda ba a gayyata ba.
Kilago na can sama, ƙirgi na can ƙasa,
alhali fata ɗaya ce, jima ce ta raba su.
Kwana biyu ina koya mata zumunci
kafin ta yarda ƙ ƙanen k ne.

Ranar Laraba Malam ya zo da sakin layi ɗaya a aljihu.
"Ɗan wanga kaɗai za ka ƙara min."
Na ƙara.
Shafi na arba'in ya ture na arba'in da ɗaya,
turereniya har bangon baya.
Da a zamanin katin Alhaji Buba ne, mai shagon,
da an yi makon makoki.
Ni sau biyu na danna, lambobi suka sake zama,
aka ɗauke wuta kafin in adana.

A karatu na uku na lura da ita.
Ba ta da suna.
"Mai ɗakina ta ce jiƙon ya yi."
"Uwar Saratu ce ta san ƙanshin fatar da ta nuna."
"Ita ta riƙe kuɗin shekarar da ruwa ya ci rumbu."
Na nemi manhaja ta ƙirga min ita,
ta ce babu.
Gaskiyarta. Abin da aka kira da suna shi take ji.

Na bi da hannu, shafi shafi, da jan biro.
Sarkin majema: wuri huɗu.
Turawan kamfanin fata: bakwai.
Ita: talatin da takwas.

Da ya dawo na juya masa allon.
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.
"Wanga littafin fata na, yaro."
Na ce haka ne, Malam.
"Shekara arba'in da ukku ban kira sunanta ba.
Yanzu da ta kwanta dama za ni buga shi ga takarda?"
Na ce a'a, Malam.
Ya tafi bai sha ruwan da na sayo ba.

Da la'asar sai ga shi a bakin ƙofa, bai shigo ba,
mai babur na jiransa.
"Lambobin nan, duka ka tabbatar?"
Na ce ɗaya bayan ɗaya.
"To, bar su."

Shi ya sa in ka buɗe shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu,
tsakanin igiya da itace,
za ka tarar da kalma mai harafi uku
tana jan lambobi har layi uku.
Mai duba kuskure ya kewaye ta da ja, ya rubuta: wace ce?
Na share jan.
Na aika maɗaba'a.